Hular da Yaya Ta Sa Mini

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ya aiki, ya mutanen ɗakin bincikenku? Umma da Baba lafiya lau. Ni ma da sauƙi, ina shan maganina.

Na san kin yi ta kiran wayar Umma ina ƙin karɓa. Kin san halina, in raina ya ɓaci ba na iya magana, sai kuka. Shi ya sa na rubuto, Kawu direba zai miƙa miki.

Yaya, me na yi miki? Da kika kai ni wurin aikinku, cewa kika yi hular nan za ta saurari ƙwaƙwalwata, ta nuna wa likita daidai inda farfaɗiyata take tasowa. Da na ga abokin aikinki mai tabarau yana ɗaukar mu da waya daga bakin ƙofa, kika ce na ajiya ne kawai.

Kin tuna yadda kuka tsare ni kafin in shiga ɗakin nan mai kaurin bango? Kuka cire mini 'yan kunne da fil ɗin ɗankwali, har takalmi. Sai aka ga doguwar rigata tana da zif, kika ce ƙarfe ko kamar ƙwayar shinkafa ne zai ruɗa na'urar. Kika zaro rigar wasannin makarantarmu daga jakata kika ce in saka. To an rufe fuskata a bidiyon da kuka saka a shafinku na intanet, na gani. Amma bajon makaranta yana nan ɓaro-ɓaro a ƙirjina, ga tabon ƙunar hannuna. A ƙasa kuma an rubuta yarinya mai farfaɗiya.

Sabuwar makaranta ce fa, Yaya. Babu wanda ya sani. Monitarmu ce ta gani a wayar yayanta, washegari duk aji ya ji. Yanzu Mai Hula ake kirana. In na shigo, maza su zube ƙasa suna karkarwa, ana dariya. Ƙawata da muke benci ɗaya ta koma baya, mamarta ta ce ana ɗauka ta yawu.

Kun ce in dawo awo na biyu. Ba zan zo ba.

Ki gaida kowa ban da mai tabarau.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Takardarki ta iso, na kuma karanta duka, ko da yake ta fi littafin kimiyyarmu wuya.

Na gane abin da kike nufi, kar ki ce ban gane ba. A cikin hular akwai 'yan gilasai ƙanana cike da ƙwayoyin zarra, kowace kamar allurar kamfas. Maganaɗisun da ƙwaƙwalwa take fitarwa ya yi ƙanƙanta sosai, shi yake ɗan juya su, hasken lesa kuma ya gani. Amma ƙwayoyin suna da wata rawa tasu da ba ta tsayawa, ko an rufe ɗaki, ko kowa ya daina numfashi, haka Allah ya yi su. Rawar tana rufe abin da kuke nema. Ba a iya kashe ta, sai dai a matse ta ta gefen da ake aunawa, ta kumbura ta ɗaya gefen kamar balan-balan. Kun sha shekaru kafin kuka iya matsewar, kuma a kaina ta fara aiki, shi ya sa Farfesa, shugabanku, ya ce dole duniya ta gani.

To madalla. Ina taya ku murna. Amma na duba takardar gaba da baya, kalmar haƙuri sau ɗaya ta fito, can ƙasa, bayan zanen ƙwai da kibiyoyi. Kuna iya jin rawar abin da ido ba ya gani, ba ku ga rubutun da ke ƙirjina ba? Ke da kika kwana da ni a asibiti lokacin ƙunar nan, ba ki gane hannuna ba?

Kin ce an cire bidiyon. Daga shafinku aka cire, ba daga bakin mutane ba. Ko kofin ruwan aji yanzu in na taɓa ba mai ƙara ɗauka.

Likita ya gaya wa Baba cewa sai da awo na biyu zai san ko a canza mini magani. Umma tana ta lallashina. Na sani, ciwona ne, ba na Farfesa ba. Amma ga sharaɗina. Kin iya tsayawa gaban manya kina bayanin ƙwayoyi, to ki zo ki tsaya gaban ajinmu. Ki ce ke yayata ce, ke kika yi kuskuren. Ki gaya musu ciwon ba ya yaɗuwa. Ni ba zan iya ba, ko sunana aka kira a aji murya ba ta fita. In ba za ki zo ba, ku nemi wani kan.

Umma tana gaishe ki.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kin koma lafiya.

Ranar da kika zo ajinmu, ban iya yi miki magana ba a bakin get ɗin makaranta, saboda ana kallonmu. Na ga takardar jawabin da kika riƙe. Na ji daɗi da ba ki karanta ta ba. Da kika sa na sha ruwa a kofin aji, kika karɓa kika shanye sauran a gabansu, ban san inda zan sa idona ba.

Kar ki ɗauka komai ya gyaru. Mazan baya har yanzu suna ƙunshe dariya, sunan Mai Hula kuma ya zauna mini. Ƙawata ba ta dawo bencin ba tukuna, sai dai yau ta ari birona, ta kuma mayar mini da shi hannu da hannu, ba ta aiko ba.

Ban gama hucewa ba, gara in faɗa miki gaskiya. Amma ki gaya wa likita zan zo ranar Asabar. Umma ce za ta rako ni, ta zauna a bakin ƙofa. Wayarki da ta mai tabarau, har da ta Farfesa, duk a jakarta za su zauna sai na fito.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Auta