Ƙafar Dogo da Takalman da Suka Ɓare a Hamada

Zuwa ga Goggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mutanen gida baki ɗaya. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya sauƙaƙa ciwon gwiwar nan da ke hana ki sakat. Na samu labarin matar Yaya ta sauka lafiya, har an ce jaririyar ta ɗebo hancin Baffa. Allah ya raya ta, hancin kuma ya tsaya iya nan. Ni ma lafiyata ƙalau, sai dai baƙin da na ƙara, wanda in kika gan ni sai kin nemi shaida.

Kin tambayi yadda aikin yake a asibitin sansani. Goggo, da aka turo ni jinyar sojoji a hamada na zaci raunin harsashi zan yi ta ɗaurewa, ashe ƙafafu ne za su cika mini tanti. Takalman da aka raba mana baƙaƙe ne masu nauyi, na ƙasar sanyi da taɓo, ba su da kafar shan iska ko ɗaya. Rana na take wa sai rairayi ya zama kamar garwashi, ƙafa ta yi ta dahuwa a ciki, gumi ya jiƙa safa, bororo ya tashi ya fashe. Ga shi da gam aka manna tafinsu, zafi na taɓa shi sai ya saki, ka ga takalmi ya wage baki kamar kada. Nawa kuwa na maza ne, sai na cusa auduga a gaba yake zama, har abokan aiki suna tsokanata wai takalmin kan riga ni shiga ɗaki.

Akwai wani kofur da muke kira Dogo, mutum mai barkwanci, shi ke ɗebo mana ruwa in tanka ta zo ba tare da an sa shi ba. Watan jiya motarsu ta lalace a wajen sintiri, rediyonsu kuma yashi ya shige shi ya daina magana, dole suka tako da ƙafa cikin tsakar rana. A hanya tafin takalminsa na dama ya fita gaba ɗaya. Ya ɗaure da bandeji, bandejin ya tsinke, ya yaga hannun rigarsa ya naɗe, haka ya ƙaraso yana tallafe da wani abokinsa da ƙishirwa ta kayar. Da na kwance tsumman sai da na kau da kai. Fatar ta saluɓe, yashi ya cika raunin, babban ɗan yatsan ya fara baƙi. Likita ya ce in bai juyo ba cikin 'yan kwanaki sai an yanke, watakila har da rabin ƙafar. Dogo ya yi dariya ya ce dama tsawonsa ya yi yawa, amma da likita ya fita na ga yana share ido. Ya gaya mini shi kaɗai ne namiji a wajen tsohuwarsa, kuma da ƙafar nan yake ciyar da gidan.

Na duƙufa a kansa safe da yamma, ina wankewa, ina tsince yashin da ɗan hantsaki, ina canja ɗauri. Ana cikin haka kwamanda ya zo duba marasa lafiya, ya tambaye ni abin da ya fi kwantar da mutanensa. Na ce takalmi ne, na buɗe masa ƙafar Dogo, na ɗauko takalmin na ajiye a gefe. Gani ya kori ji. Ya ce ya sha rubutawa sama a kan maganar, amma wannan karon da takalmin zai tafi a hannunsa. Ya kuwa cika alkawari. Makon jiya aka sauke sababbi a sito, masu launin ƙasa, marasa nauyi, tafinsu ɗinkakke, da safa masu tsotse gumi. Har da ƙanana na mata, Goggo! Ranar na yi ta zagaya tanti ba gaira ba dalili, don daɗin tafiya kawai.

Yatsan Dogo kuma Allah ya taimaka ya juyo, ba a yanke komai ba. Yanzu yana takawa da sanda, an ba shi hutu zai tafi gida. Jiya ya miƙo mini waya wai tsohuwarsa ce. Ta yi ta sa mini albarka, sannan ta tambayi wadda ta raine ni. Na ce goggona ce, tun ina zanen goyo. Ta ce in gaya miki ba ta san fuskarki ba, amma daga yau kina cikin addu'arta muddin tana numfashi. To ga saƙo na isar.

Ki gaishe mini da Baffa, da Yaya da mai jego, da Kawu mai shago, da Auta, a ce masa ya rage yawo ya kama karatu. Ina gaida maƙwabciyarmu mai ɗinki da yaranta. A ci gaba da sa mu a addu'a, Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
'Yar lelenki