Wasiƙu Uku da Na Ɓoye wa Maigidana

Anti Ramlat, don Allah ki taimake ni. Abin nan ya hana ni sakat, kuma na rasa wanda zan faɗa wa.

Shekara huɗu ke nan da maigidana, Baban Bethany, ya yi ritaya daga tuƙin bas a nan Manchester, ya sayi motar nan mai ɗaki a ciki da ake kira motorhome. Gado, kicin, banɗaki, duk akwai. 'Yan coci suka yi ta yi masa tsiya wai ya zama Bature, ko a jikinsa. 'Yarmu tana Birmingham, gidanta ɗan ƙarami, in mun je ganin jikoki a motarmu muke kwana. Ban taɓa ganin abin da ya faranta wa mutumin nan rai kamarta ba.

Dilan da ya sayar masa da ita ya ba da garantin shekara shida a kan yoyon ruwa, da sharaɗin duk shekara a kai ta garejin da suka amince da shi, a duba gas da wuta, a auna danshin bango, a buga hatimi a littafi. Ni ke buɗe wasiƙun gidanmu. Da takardar tuni ta farko ta zo, na ce wannan dabarar tatsar mutane ce kawai. Ga Sanda, ɗan ƙanen babana, ya buɗe gareji a unguwar Lozells, can Birmingham, yana neman kwastoma. Ina zan sa kaina in ya ji mun kai wa bare aiki? A gida ma kowa da makanikensa. Na cusa wasiƙar ƙarƙashin zannuwana a akwati, na ce wa maigida lokacin sabis ya yi, mu kai wa Sanda. Sau uku ina haka. Sanda ya canza mai, ya duba birki, aikinsa tsaf. Ɗakin kuwa bai taɓa ba, don ba wanda ya ce ya taɓa.

Watan jiya na dafa bangon bayan gado, sai ya lotsa kamar burodi. Ashe ruwa ya daɗe yana shiga ta gefen tagar rufi, katako ya ruɓe. Dila ya ce tunda babu hatimi, babu garanti. Maigidana ya fusata, ya rubuta takardar ƙorafi cewa ko wasiƙa ɗaya ba su aiko ba, kuma ranar Litinin zai sa hannu ya tura. Dattijon coci ne, bai san ƙarya ba, ga shi ni zan sa shi ya yi ta. In na faɗa kuma, ina tsoron kallon da zai yi mini. Yaya zan yi?

Mai damuwa, Old Trafford

'Yar'uwa, na tausaya miki, domin zumunci ne ya ja ki, ba mugunta ba. Maigidanki ma yana da nasa kason: mota tasa, littafin garanti yana hannunsa, shekara huɗu bai buɗe ba. Amma ɓoyon naki ne, kin kuma san haka.

Kada ki bari ya sa hannu. Dila yana da bayanin duk wasiƙar da ya tura, kuma in aka kama maigidanki da maganar da ba haka take ba, ƙorafin ya mutu, kunyar kuma tasa ce.

Ku lulluɓe rufin tun yau. Ku nemi mai auna danshi wanda ba ya aiki da dilan, ya rubuta daga ina ruwan yake shiga da kuma tun yaushe. In ya nuna tun daga masana'anta aka liƙe tagar ba daidai ba, wataƙila kuna da sauran magana ko babu garantin; ku je Citizens Advice, ofishin ba da shawara kyauta, su duba muku. Ba na miki alkawarin nasara. Daga yanzu inji na Sanda ne, ɗaki na garejin da aka amince da shi, duk shekara, da hatimi.

Zai yi fushi, ki bar shi ya yi. Amma fushin jin zancen daga bakinki ya fi sauƙi a kan jin sa daga bakin dila. Ki buɗe akwatin nan kafin Litinin, ki ajiye masa wasiƙun duka uku a gabansa, ki zauna. Allah ya sanyaya masa zuciya, ya kai ku wajen jikoki a bushe.