Ƙulin da Kika Aiko wa Malam

Tandabawi, Makka
Zulƙida 1384

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ya ƙafar taki, ya su Ɗaso? Ya ƙarin haƙuri? Ni lafiya lau, takaba ta kusa ƙarewa, maƙwabta suna leƙowa in sun samu hali.

Ƙulin da kika ba alhazai su kawo wa Malam ya iso hannuna. Niyyata in raba shi sadaka saboda shi. Ranar Talata babu abin ɗorawa a wuta, sai na daka kaɗan, na yanka tumatir da albasa, na marmasa busasshiyar gurasa, na yi kwaɗo. Na rufe ƙofa na ci ni kaɗai. Haka na riƙa yi har ya ƙare.

Ki yi masa sadakar a gida, ki yafe mini. Ina ci ina kuka, Inna, amma wallahi ya yi daɗi.

Surukarki,
Rumasa'u