Abin da Jerrell Ya Ɗauka Daga Gidanmu

Bronx, New York
9 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Claudine,

Gaisuwa mai yawa daga yayarki, tare da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Roscoe da 'yarki Nadine da jaririyarta. Ina roƙon Allah Ya raba ki da ciwon gwiwar nan, Ya raya mana jika, Ya kuma ba ku jimirin sanyin Anchorage, garin da har yau na kasa gane abin da ya kai mai hankali cikinsa. Mu nan lafiya, daidai gwargwado. Busasshen kifin da kika aiko ya iso, maigidana Alton ya ci da burodin masara kwana uku a jere, har na ɓoye sauran saboda hawan jininsa. Matan coci suna ta tambayarki. Na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira, don na san halinki: kafin in kai rabin magana kin fara kuka, ni kuma in bar abin da ya dame ni in koma lallashinki, kamar yadda muka saba tun muna yara.

Maganar ɗanki Jerrell ce. Bari in fara da ba shi haƙƙinsa. Duk abin da kike gani a waya game da wasan kwaikwayon da yake yi a dandamali gaskiya ne, ba a ƙara gishiri ba. Mutane na bin layi tun hantsi don neman tikitin tsayuwa. Akwai wata mata daga Ohio da ta kalli wasan sau goma sha ɗaya, kullum tana layin gaba da ƙyallen share hawaye. Shekara ashirin da tara ina sa wa 'yan wasa kaya a bayan labule, kunnena ya san bambancin tafin kara da tafin da ya fito daga ciki, kuma na Jerrell daga ciki yake fitowa. Idan ya ja waƙar ƙarshe, mutum dubu da ɗoriya sai su miƙe lokaci guda, har katakon da nake tsaye a kai ya riƙa rawa. Ni da kaina na roƙi Marisol, shugabarmu ta ɗakin kaya, ta sa ni a kansa. Ina tsaye cikin duhu da baƙaƙen kaya, allurai a ƙirji, ya shigo da gudu yana saurayi, cikin daƙiƙa arba'in in mai da shi tsoho ya koma. Makonnin farko ban taɓa jin daɗin aikina haka ba.

Akwai abin da ba ki sani ba game da Alton, domin ya hana a faɗa. Kin san ɓarin jikinsa na hagu ya shanye shekara huɗu da suka wuce, amma ba ki taɓa ganin yadda yake sa kwat ba. Yakan fara cusa mataccen hannun, ya ciji wuyan kwat ɗin da haƙora, ya yi ta jefa kafaɗa baya yana laluben ɗaya hannun rigar, ya kuskure sau uku ko huɗu. In ya samu, sai ya sa maɓallai a karkace, ya kwance, ya sake. Kika kuskura kika miƙa hannu, sai ya harare ki ya ce da nauyin bakin nan nasa, "Bar ni, ai ina da hannu ɗaya." Mutumin da ya yi shekara talatin yana tuƙa jirgin ƙarƙashin ƙasa, wannan kwat ɗin ne kaɗai abin da ya rage masa da yake cin nasara a kai kullum. Sai ya rufe ƙofa yake yi. A coci ko gumi zai kashe shi ba ya cirewa, don kada a ga yadda zai mayar. Mutum biyu ne a duniya suka taɓa gani, ni da Jerrell, wanda ya zauna da mu tun yana shekara goma sha biyar, wanda Alton ya riƙa kaiwa koyon waƙa kowace Asabar, wanda kuma shi ya riƙa yi wa Alton wanka da ciwon ya zo. Ban manta da wankan nan ba, kuma ba zan manta ba.

To, a kashi na biyu na wasan, Jerrell tsohon mabushin ƙaho ne da zai bar gidan da ya tsufa a ciki. Yadda aka rubuta, yana sanye da kwat, ya dubi ɗakin ya fita, shi ke nan. A wasannin gwaji wurin ba ya tafiya, mutane na tari suna duba agogo. Ran nan ya shigo canjin kaya yana haki, ya ce min yau kada in sa masa kwat ɗin, in miƙa masa a hannu kawai. Ban kawo komai a raina ba, na miƙa. Claudine, ina tsaye a gefen dandamali na ga mijina. Hannun da ya saki, cizon wuyan rigar, jefa kafaɗar, har ɗan nishin da Alton ke yi idan ya kuskure na uku. Yarinyar da ke wasan 'yarsa ta miƙa hannu, shi kuwa ya harare ta ya faɗi maganar Alton, da muryar Alton, da karkacewar bakinsa. Gidan ya kece da dariya. Suka yi ta dariya har ya kai maɓalli na ƙarshe, sannan wuri ya yi tsit, sai ƙarar jan majina. Darakta ya shigo baya ya rungume Jerrell, ni kuwa na shiga banɗaki na kulle ƙofa.

Tsakanin wasan rana da na yamma na rufe ƙofar ɗakin Jerrell na tambaye shi wa ya ba shi izini. Ya ce wai girmamawa ce, wai Baba Alton jarumi ne kuma ya kamata duniya ta ga irin jarumtakarsa. Na ce jarumin ya ce maka yana neman 'yan kallo? Sai ya kama hannuna, irin yadda yake yi yana yaro in ya fasa abu, ya ce Anti Netta ki yi haƙuri, ba wanda zai san ko wane ne, kuma kafin a buɗe wasan sosai zai rage shi har ya ɓace. Na yarda da shi. Sati biyu bayan nan jaridu suka fito, kowacce maganar kwat take yi, daga nan ban sake jin zancen ragewa ba. Yanzu an buga maganar Alton a riguna da kofuna ana sayarwa a zauren shiga. 'Yan kallo sun haddace ta, suna jira ya ɗaga kai su faɗa tare da shi kamar amshin coci. Samari da 'yan mata da ke jiransa a ƙofar 'yan wasa sukan saki hannun hagu su ciji wuyan riga a ɗauke su hoto. Da aka tambaye shi a talabijin inda ya samo abin, ya ce wani tsoho ya gani a tashar bas. Ban san ko in gode masa da ƙaryar ba ko in tsine mata.

Ni ma ba zan wanke kaina a gabanki ba. Sau takwas a sati nake miƙa wa Jerrell kwat ɗin nan da hannuna. Da ya yi ƙorafin hannun rigar na shiga da sauƙi, ni na zauna na tsuke shafin ciki da zare don ya riƙa maƙalewa, saboda aikina ne, kuma na iya aikina. Wata biyar ina yi wa Alton hanya-hanya. Yau in ce tikiti ya ƙare, gobe in ce matattakalar gidan ta yi masa tsayi, jibi in ce a bari sanyi ya wuce. Shi kuwa kullum sai ya yanko hoton Jerrell daga jarida ya manna a firiji, yana faɗa wa mai kawo wasiƙu cewa ɗansa ne.

Ranar wata Laraba, kusan sati biyu da suka wuce, ban sani ba ashe Jerrell ya aika masa tikitin wasan rana har da mota, ya ce kada ya gaya min, wai za su ba ni mamaki. Alton ya sa kwat ɗinsa na coci ya zo. An cika wutar ɗumama gidan, kujerun kuma a matse, har ya ji numfashinsa na sama-sama, sai ya yi abin da bai taɓa yi a waje ba, ya cire. Ya zauna ya kalli kansa daga farko har ƙarshe, mutum dubu suna amsa maganarsa. Ban san abin da ya ji ba, bai faɗa min ba. Da aka tashi, ya raɓe jikin bango a zauren shiga ya fara kokawar mayar da kwat, domin a waje ƙanƙara ke zuba. Mutanen da suka fito da jiƙaƙƙun idanu suka gan shi ya ciji wuyan riga, suka ɗauka wani tsoho ne mai son wasan yake kwaikwayo. Suka kewaye shi. Wata baiwar Allah ta miƙa hannu, ko da gaske take ko tana taya wasa ne oho, shi kuwa bakinsa ya riga shi, ya faɗi abin da ya saba faɗa. Zauren ya ɗauki shewa da tafi, wayoyi suka tashi sama.

Marisol ce ta zo ta janyo ni, na fito da allurai a ƙirjina na iske ƙarshen abin. Wani ƙato yana dafa masa kafaɗa yana cewa, "Tsoho, wallahi ka fi yaron iyawa, su ba ka aikin kawai." Wata kuma na roƙonsa ya sake daga farko don wayarta ba ta ɗauka ba. Alton na tsaye, kwat rabi a jiki, yana waige-waige yana neman ƙofa. Na ratsa su na kama shi muka fita, wani yana bin mu yana tambayar ko ni ma cikin shirin nake. Ba zan ce mugaye ba ne, Claudine, ƙaunarsa suke yi a lokacin, shi ya sa na rasa wanda zan zaga. Kafin Juma'a hoton ya zagaye duniya, har masu tallar wasan suna cigiyar tsohon nan mai ban dariya don su hau da shi dandamali.

Ranar Litinin da ba a wasa Jerrell ya zo gida da furanni. Ya yi kuka, kuma na yarda kukan na gaske ne. Ya ce shi a zatonsa idan Baba Alton ya ga yadda mutane ke miƙewa saboda shi zai ji daɗi, zai gane cewa ba abin kunya ba ne. Na ce duk na ji, tambaya ɗaya gare ni: zai cire? Ya ce abin ya fi ƙarfinsa yanzu, akwai darakta, akwai masu wasan, akwai mutanen da ke tahowa daga nesa don wurin nan kaɗai. Yana faɗa yana kallon takalminsa. Na san gidan wasa fiye da shi, na san ɗan wasan da sunansa ke saman ƙofa in ya ce ba ya yin abu, ba mai sa shi. Alton bai ɗaga murya ba. Ya dube shi ya ce ya iya wasa, ya kuma ce ashe duk lokacin nan yana lura sosai. Daga nan ya nemi in kai shi ɗaki.

Jiya Lahadi na gama shiri ina jiransa ya rufe ƙofa ya yi kokawarsa kamar kullum, sai na ga ya fito da kwat a hannu ya miƙo min. Ya juya baya ya tsaya, na sa masa, na ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya yana kallon bango. Shekara huɗu ina roƙon mutumin nan ya bar ni in taimaka masa, jiya ya bari, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na jiya ba. An ci amanarsa a cikin gidansa, da yaron da ya tashi a hannunsa da matar da ya aura, ni ban ga wani suna da zan ba abin ba. Na gaya wa Marisol ta mai da ni wurin 'yan matan amshi, wani ya riƙa miƙa kwat ɗin.

Ba na ce ki juya wa ɗanki baya ba ne. In kin zo a watan Mayu ki je ki kalla, ki miƙe ki tafa masa, ya cancanta, sai dai kada ki nemi in zauna kusa da ke. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne hoton da kika turo mana ranar Asabar, ke da Roscoe da jaririya, dukkanku sanye da rigunan nan da Jerrell ya aika muku, kuna dariya. Na san ba ki san maganar wa kika sa wa jikarki a ƙirji ba. Alton ne ya fara buɗe hoton. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo min wayar ya ce yarinyar ta ɗauko goshin Mama.

Ki gaida Roscoe, ki ce ina nan ina jiran amsar katin Kirsimetina. Ki gaida Nadine da mijinta, ki sumbaci jaririya a madadina. In kin yi waya da Anti Pearline a Savannah ki gaishe ta, amma kada ki ba ta wannan labari, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Alton yana gaishe ku duka, ya ce in gode miki da kifi. Allah Ya sada mu da alheri.

Yayarki mai ƙaunarki,
Vernetta