Bututun da Aka Shafa wa Fenti

Sharafaddeen,

Na fita kana barci. Kada ka tayar da motar nan yau.

Bututun salansar da mai waldan nan ya ɗaura maka a jikin injin, wanda ya rantse farin ƙarfe ne mara tsatsa, baƙin ƙarfe ne ya shafa wa fenti. Da safe na kai masa mayen ƙarfen da nake tsintar allura da shi, ya manne ƙam. Tukunyata ta farin ƙarfe ba ya kama ta. Wata biyu kacal, ga tsatsa, ga huji. Ta nan hayaƙi ke shiga mota, shi ya sa 'yarka Ruƙayya take tari duk ranar da ka kai ta makaranta.

Shekara goma kana tuƙi, sai tsohuwa ce za ta gane maka ƙarfe. Ka ga ƙyalli, ka washe baki.

Na hau raksha mai ƙafa uku zuwa garejinsa. Kwance bututun ka same ni da shi, kuma kada ka zo kana lallaɓa shi da "ma'alesh ya usta". A gaban masu kawo masa aiki zan kankare fentin da wuƙata, ya faɗi sunan ƙarfen da bakinsa, sannan ya sauya.

Innarka