Bakin Bargo

Zuwa gare ka, inuwar da nake fakewa, garwashin da ke ɗumama tsufana, maigidana da bakina bai taɓa kiran sunansa ba!

Auta ce ke rubutawa, ni ina faɗa, tana ta ƙunshe dariya. Na ce ta sa yadda ya fito, kar ta gyara mini baki. Ban san biro ba, amma na san ka.

An ce ka hana likita ya yi maka aikin nan, ka juya fuska bango, wai tsoro kake ji. Kai? Kai da ka hau da ni gadar nan?

Ka tuna shekarar da aka yi sanyin nan mai ratsa ƙashi, ka ce in shiga gaban motarka in ga duniya? Muna tafe gilashi na gumi, kana gogewa da hularka. Inda rana ta faɗi muka kafa tanti a gindin dutse, ka ɗaure shi a karkace, iska ta kwashe, ka bi shi da takalmi ƙafa ɗaya! Wayyo, dariya har da hawaye! Shayin da ka dafa duk ƙauri, amma wallahi zuma albarka. Tartsatsi ya huda mana bargo, ka ce ai tagar kallon taurari ce.

Da safe ka tsaya a bakin gadar, ga ta can kamar an rataye ta a jikin gajimare. Kogi a ƙasa sai ka ce zare, tsuntsaye na shawagi ƙarƙashin mutane! Na ja da baya. Ga idon jama'a, kunya ta hana ni kama hannunka. Sai ka yafa bargon, ka miƙo mini bakinsa, ka ce in riƙe, in dubi ƙeyarka kawai. Haka ka ja ni kamar akuya ranar kasuwa, ina ta salati, har tsakiya. Da na ɗaga kai, tururi na tashi daga ruwa, rana ta zuba zinariya a kan duwatsu. Ban sake ganin kyau irin wannan ba. Ban kuma sake taka gadar ba.

Yau ga ta tsakanina da kai, tunda babu hanyar asibitin sai ta kanta. Tsoro nake ji, hasken idona, ba zan ɓoye maka ba. Ina tsoron gadar, ina tsoron wuƙar likita. Amma wanda ya fi su, in wayi gari takalmanka na bakin ƙofa babu mai sawa. Wa zai yi mini tsiyar munshari? Wa zan yi wa faɗa ya bar buta a hanya?

Gobe, in Allah ya kai mu, babban yaronka zai kawo ni. Na wanke bargon, tagarka na nan. Zan haye idona buɗe. Kai kuma ka ce wa likita to. Wannan karon ni ce a gaba: ka kama bakinsa, ka dubi ƙeyata kawai, har ƙofar ɗakin aikin. Nan zan zauna da shi a cinyata, kuma ba zan ninke shi ba sai ka fito ka kama gefenka.

Taka ce ni, tun kaina na baƙi har ya zama auduga, taka har gaban abada.