Layi Biyu a Kwamfutar Baba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar taka?

Wata biyu ke nan da rasuwar Yaya, amma kullum da hantsi Baba na gaban tsohuwar kwamfutar da ka haɗa masa lokacin da idonsa ya tafi, mai baƙin allo da muryar da ke karanta masa saƙon imel. Sai ya buga umarnin ɗauko saƙo, muryar ta ce babu sabon saƙo. Ka tuna faɗansu na bara, da ya hana Yaya kiransa a waya, ya ce in yana da magana ya rubuto. Jiya ya ce mini, "Auta, yaron nan ya tafi yana fushi da ni." Wallahi Kawu, abinci ma sai da lallashi.

Na leƙa allon na ga wani layi yana cewa an ƙi haɗi. Muryar ba ta karanta shi. Mene ne wannan?

'Yarka, Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Innalillahi! Tun bara kamfanin imel ɗin ya rufe tsohuwar hanyar ɗauko saƙo, ya bar sabuwar mai sirri kaɗai. Sun sanar da ni, na ce zan zo in gyara, na shashantar.

Buɗe fayil ɗin saiti. Inda aka rubuta 110, mayar da shi 995. A ƙasa ki ƙara kalmar ssl, ita ce ke buɗe hanyar sirrin. Ki adana, ki sake buga umarnin. Ki fara dubawa ke kaɗai, ba a gabansa ba.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki

Kawu,

Barka da war haka. Ka san kunnen Baba, ina taɓa maɓallan ya shigo. Saƙo sama da ɗari biyu suka sauko, yawanci tarkacen talla. Sha ɗaya na Yaya ne. Na farko mako guda bayan faɗan, ban haƙuri ne zalla. Na ƙarshe daga gadon asibiti: "Baba, ko kalma ɗaya ce ka turo, in san ka yafe mini."

Sau uku ya sa muryar ta maimaita. Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba, sai ranar. Da ya natsa ya tambaye ni wa ya kamata ya gyara abin tun bara. Na ce ban sani ba. Allah ya yafe mini.

A gaida mutan gida.

Auta

Auta,

Na gode, amma ki daina rufa mini asiri. Ina tafe ranar Asabar. Da bakina zan faɗa masa.

Ki sa ni a addu'a.

Kawunki